Randar Inna Ige

Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo mu ba a Boɗinga. Marka ta zauna daram, wanki ya ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa, rediyo kuma tun safe yake nanata cewa a tafasa ruwan sha. Ɗazu ina tsaye bakin zaure ina kallon yara suna tsallake kwata da ledar ruwa a baki, sai ƙanshin jiƙaƙƙen bango ya buge ni. Nan take na ganni a ƙauyenmu na ƙasar Shagari, can gefen Lambara, a daminar da nake aji biyar na sakandare. Shekarun sun haura ashirin, amma wannan daminar ta ƙi tsufa a raina.

A lokacin ina makarantar kwana a nan Boɗinga, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Wanda ya jawo haka shi ne Malam Garba, mai koya mana ilimin kiwon lafiya. Wani siririn mutum ne mai tabarau ɗaure da zare, wanda in ya shiga maganar annoba ba ya jin ƙararrawa. Daga bakinsa na fara jin cewa akwai masu ilimin da ba majiyyaci ɗaya suke dubawa ba, gari sukutum suke dubawa. Ya ce cuta tafiya take yi, kuma duk inda ta bi sai ta bar sawu. Tambayoyi uku ya dasa mana: wa ya kamu, a ina, yaushe. Sai ya ƙara ta huɗu, wadda ya ce ita aka fi mantawa: wa bai kamu ba, kuma me ya sa? Na haddace cututtuka masu kisa, sanƙarau da kwalara da ƙyanda da shawara, har ina jin daɗin jera sunayensu, Allah ya yafe mini. Da za mu tafi dogon hutu ya ba mu aiki, kowa ya zana taswirar garinsu gida-gida, ya sa alama duk inda aka yi rashin lafiya.

Na iso gida da sabon littafi da jan biro, na tarar babu mai lokacina. Tsakiyar damina ce, gero ya kai ƙugu amma bai fitar da kai ba, tsohon hatsi kuwa ya zo ƙarshe. In babana ya shiga rumbu sai ya ɓace gaba ɗaya, muryarsa kawai ake ji daga ƙasa. Da an idar da sallar asuba mukan kurɓi kunu tsararo mu saɓa kalme, wato fartanyarmu ta can, mu nufi gona maimai, noma na biyu. Raɓa ta jiƙa mu zuwa cinya, laka ta riƙe ƙafa. Da hantsi 'yan mata su kawo fura wadda ruwa ya fi gari yawa. Da rana kwaɗon tafasa, da yamma tuwo sau ɗaya da miyar lalo, kowa ya suɗe hannu yana leƙen tukunya. Yunwar ba ta kayar da mutum, ta dai sa shi saurin fushi da yawan hamma.

Mutum ɗaya ce yunwa ba ta taɓa wa baki ba, kakata Inna Ige, mahaifiyar babana. 'Yar guntuwar tsohuwa ce mai saurin tafiya, ga tsiya. Ba ta kirana Bello, sai dai maigida, kuma kullum ƙarata take kaiwa wai na tafi boko na bar ta ba cefane.

Gidanmu ne na ƙarshe a kan hanyar gonakin gabas. A ƙofarsa, gindin dogonyaro, akwai wata babbar randa da aka binne rabinta a rairayi, da faifai a bakinta da moɗa a kai. Kakana ne ya kafa ta don masu wucewa, kuma da zai rasu ya bar wa Inna Ige wasiyya guda, kada ta bari randar nan ta bushe. Ta riƙe maganar da gaske. Kowace safiya takan ɗauko ruwa daga rijiyar masallaci ta ƙara a kan na jiya, ba ta taɓa yarda a ga gindin randar ba, balle a juye a wanke. Duk mai zuwa gona ya tsaya ya zura hannu da moɗa ya sha, ya ce Allah ya jiƙan Malam, ita kuma ta amsa daga zaure. Mu 'yan gida an hana mu taɓawa. In ta kama ka sai ta ce, "Wagga ta baƙi ta. Kai tahi cikin gida ka sha, sadaka ba ta komawa cikin mai ita."

Mako biyu da zuwana cutar ta shigo. Bawa maƙeri ta fara kayarwa, sai 'ya'yan wani manomi Altine su biyu, sai wata yarinya mai kai fura gona. Amai da gudawa, gudawar fara sol kamar ruwan wankin shinkafa. Mutum ya fita da safe da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, fatarsa in an ja ba ta komawa. Na san sunanta a littafi, kwalara, amma ban san warinta ba sai a lokacin. Ruwa ya yanke hanyar Shagari, mota ba ta shigowa, sai amalanken shanu. A kan amalanken nan ne rai ya yi halinsa ga Sani, abokina tun muna kiwon awaki. Shi kaɗai ne ɗan Hajo, wata bazawara mai sayar da daddawa, kuma shi ke noma mata gonarta. Ranar da muka binne shi na daina jin daɗin jera sunayen cututtuka.

Washegari na ɗauko littafina na zana garin, masallaci da rijiyoyi biyu da tabki da kowane gida. Sai na ci karo da abin da Malam Garba bai koya mana ba. Ni ƙato ne mai shekara goma sha bakwai, ba ni da ikon shiga gidajen mutane. In na yi sallama a zaure, maigida ya fito ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da kuwa mutum biyu ne kwance a ciki. Wani ma ya tambaye ni ko ƙidayar matattu aka tura ni boko in koyo. Na dawo na zauna a zaure ina huci.

Inna Ige ta yi mini kallon sama da ƙasa ta kwashe da dariya. "Assha, likita ya rasa ƙohwa. Mi kaka son sani, maigida?"

Na jera mata. Wa ya kwanta, yaushe ya fara, me ya ci, ruwan ina ya sha, su wa ke gidan da ba su kamu ba.

"Wanga duka ai gaisuwa ta," in ji ta. "Ni ka shiga, kai ka rubutawa. Amma ka san ba ni aikin banza, goro za ka nemo."

Haka muka raba aiki. Da hantsi ta yafa mayafi ta shiga gari dubiya, ba gidan da ke da ƙofar da za ta tare ta. Na koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, ta riƙa koya wa mata, tana cewa maigidanta ne ya zo da shi daga Boɗinga. Na roƙe ta ta wanke hannu da sabulu duk gidan da ta fito, kada kuma ta ci ko ta sha komai, ta ce ita da ma ba ta cin abincin gidan da ba a iya miya ba. Bayan la'asar mu zauna a zaure, ruwa na zuba daga indararo, ta lumshe ido ta karanto mini gari kaf daga kanta. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ba ta taɓa rikita ranar da wani ya kwanta da ta wani ba. In na yi kuskure ta ce, "Goge. Talata yak kwanta, ba Laraba ba. Wane irin karatu akai muku can?" Ban taɓa jin daɗin zama da mutum kamar na waɗannan yammacin ba, duk da abin da muke rubutawa.

Ni tabki na so in kama da laifi, don shanu na shiga cikinsa. Amma babu mai shan ruwansa da damina. Na koma kan rijiyar masallaci, sai na ga rabin gari ita suke sha, har da mu, kuma lafiyarmu ƙalau. Jajayen alamun da na sa sun watsu ko'ina, ba su taru a unguwa ɗaya ba. Sai na tuna tambaya ta huɗu. Su wa ba su kamu ba? Matan da ke cikin gida kusan duk lafiya, sai masu jinya. Masu gonaki a yamma lafiya. Waɗanda suka fara kwantawa maza ne da samari da 'yan mata masu kai fura. Na ɗauki biro na ja layi daga gidan kowanne zuwa gonarsa. Layukan suka fito daga lungu daban-daban, suka haɗu a hanya ɗaya, suka wuce ta ƙofa ɗaya. Ƙofarmu ce.

Na ɗaga kai, ga randar can gindin dogonyaro, ga moɗa a kife kan faifai. Hannu nawa ke shiga cikinta a yini, har da na masu ɗaukar majiyyata da masu dawowa daga maƙabarta? Ruwan jiya na haɗuwa da na yau, ba ranar da ake juyewa. Mu kuwa da ba mu kamu ba, ai hana mu sha aka yi. Na rufe littafin na tura ƙarƙashin tabarma. Da ta tambaye ni abin da zane ya nuna, na ce tabki ne. Ƙarya na yi mata, ina sane, don na san garinmu. In maganar nan ta fita, tsohuwar da ake yi wa addu'a kullum ita za a riƙa nunawa da baki a ce ga wadda ta kashe mutane.

Ga shi kuma lokaci ya ƙure. An sa gayya ranar Alhamis don a nome wa Hajo gonar da Sani ya bari, gonar kuwa a gabas take. Duk wani mai ƙarfi a garin zai bi ta ƙofarmu, ya je da ƙishi ya dawo da ƙishi. Na yini Talata ina saƙa yadda zan saki kalme a kan randar in ce tsautsayi ne. In sha zagi, in sha mari wajen babana, magana ta mutu.

Ranar Laraba bayan la'asar ta dawo daga gari ta zauna a inda ta saba. Ba ta nemi goro ba.

"Bello," ta ce. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ɗauko littahin ga da kab ɓoye."

Na zaro shi daga ƙarƙashin tabarma.

"Ni ma ina da tambaya tawa da nika yi musu, ba ka sani ba. Tun shekaranjiya. Dut wanda yak kwanta sai in ce, halan ka sha ga randata? Ba wanda yac ce a'a. Bawa ya sha. Ɗiyan Altine sun sha." Ta gyara bakin mayafi. "Sani kau da hannuna nib ba shi. Ya taho da rana yana zuhwa, nic ce tsaya ɗan Hajo, sha ka ƙara."

Na ce, "Inna, ba a gwada ruwan ba. Zane na kawai."

"Kak ka yi man boko. Ni nik kashe shi?"

Na so in ce a'a da ƙarfi. Amma idonta na kaina, kuma ta riga ta kama ni da ƙarya sau ɗaya. Na ce, "Ina zaton randar ta, Inna. Wani ya sa mata cutar bai sani ba. Ke ruwa mai kyau kika zubawa."

"Randa ba ta cika kanta," in ji ta.

Na gaya mata dabarata ta fasawa. Ta girgiza kai. Ta ce in an fasa a ɓoye, kowane gida akwai randa da moɗa, haka za a ci gaba da zura hannu. Wanda kuma ya sha jiya ya kamata ya sani, ya zauna da shirinsa. Na ce za a zage ta. Ta ce ta sani, ta girme ni a garin nan. Ta miƙe ta ce in ɗauko littafin in biyo ta.

Gidan maigari muka fara zuwa, muka same shi tare da liman. Ta durƙusa ta yi gaisuwa doguwa yadda ake yi, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani, sannan ta faɗi maganar ba kwana-kwana. Na buɗe taswirar na nuna layukan. Maigari ya daɗe yana kallo. Abin da ya fi damunta ta ajiye a gaban liman, wato wasiyyar kakana. Liman ya ce Malam ruwa ya so a shayar, ba tukunyar ƙasa ya so a yi wa gadi ba, ta canza mazubi ladanta na nan. Daga can ta wuce gidan Hajo. Ni na tsaya a waje. Ba ta jima ba ta fito, fuskarta a bushe. Na ce me Hajo ta ce? Ta ce, "Ba ta ce komi ba. Ta tashi tas shiga ɗaki."

Da sassafe ranar Alhamis, masu gayya na taruwa, Inna Ige ta sa ni da babana muka tone randar. Ruwan muka juye a rami muka rufe, ita kuma ta kife randar da hannunta a gaban kowa. Gindin ya yi kore shar da gansakuka. Ta riga ta tafasa ruwa a babbar tukunyar suna, ta cika butoci biyu sababbi. Ta shimfiɗa tabarma gindin dogonyaro ta zauna, ta ce duk mai ƙishi ya wanke hannu ya tara, ita za ta zuba masa.

Labari ya riga ya zaga gari. Mutane suka wuce da kalme a kafaɗa, wasu suka gaishe ta a gajarce, wasu suka kau da kai. Altine, wanda ɗansa ɗaya bai tashi ba, ya tofar da yawu ya tsallaka ɗaya gefen hanya. Yinin nan mutum uku ne suka sha, biyu daga ciki ni ne da babana.

Bayan kwana biyu ruwa ya janye, ma'aikatan lafiya suka samu shigowa daga Shagari, suka zuba magani a rijiyoyi, suka raba na sha. Cutar ta fara ja da baya. Yau da nake koyar da darasin nan da kaina, da famfo a kowace unguwa da waya a kowane aljihu, na san ba zan iya rantsewa cewa kife randar ne ya tsayar da ita ba. Babu wanda ya gwada ruwan. Abin da na sani shi ne bayan gayyar nan ba a sake ɗauko kowa daga gonakin gabas ba.

Amma ita Inna Ige sauƙin gari bai zame mata sauƙi ba. Kullum ta tafasa ruwa ta fito ta zauna, kullum ta koma da butocinta kusan a cike. Ta daina tsiya, ta daina kirana maigida, tuwonta ma sai ta tura wa yara. Na ji tausayinta har na tsani littafin nan. Ga itace ya zama aiki, komai a jiƙe yake, mahaifiyata na ta fama da hayaƙi kafin tukunya ɗaya ta tafasa. Da busasshen itacen gidan ya ƙare, Inna Ige ta fara zare karan dangar bayan ɗakinta. Babana ya ce ta haƙura haka nan tunda ba mai sha. Ta ce ko mutum ɗaya ne ya zo, ba zai tarar da ƙofar Malam a bushe ba.

A rana ta shida, da hantsi, ana yayyafi, dangar ta ƙare. Muna zaune ni da ita gindin dogonyaro da buta ɗaya, ta ƙarshe. Sai ga mace ta ɓullo daga cikin gari da ƙaton dami a ka, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma don kada ya jiƙe. Sai da ta matso na gane Hajo ce. Ta rame, zanen jikinta ya yi mata yawa. Inna Ige ta zuba mata ido.

Hajo ta sauke damin a gabanta. Kara ne busasshe ƙayau, an ɗaure shi da kyau.

"An ce kin rasa abin hura wuta," in ji ta, ba ta kalli kowa ba. "Sani yat tara su tun kaka, wai zai yi man sabuwar danga. Suna nan cikin ɗakinai, ni ba ni iya kallonsu."

Inna Ige ta ɗora hannu a kan damin. Hawaye suka bi tsagar fuskarta.

Hajo ta tsuguna, ta ɗauki sabulun da ke gefen tabarma ta wanke hannu a nitse, sannan ta tara tafukanta biyu.

"Zuba man, Inna. Da nisa nit taho."